Layin da Baba Ya Zata Hatimi Ne

"Sake karanto min wurin nan," in ji Baba.

A zaurenmu ne a Kafin Dafga, cikin shekarun casa'in. Yaya Sani, da ke karatun taurari a ƙasar waje, ya aiko wasiƙa, wai an buga bincikensa. A ƙasa ya rubuta wani layi: shekara, haruffa, ɗige-ɗige, lambobi, sai harafi ɗaya tal. Sau uku na karanta, ni ma ban gane komai ba.

Baba ya ɗaure fuska. "Ga taurari, ga hatimi? Boko na tura shi ko duba? Rubuta masa ya dawo gida."

Da Yaya ya zo, ya durƙusa ya ce, "Baba, adireshin takardata ne a kwamfuta. Duk mai nemanta, da shi zai same ta. Harafin ƙarshen ma na farkon sunanka ne, tunda da shi nake sa hannu."

Baba ya ce, "To ni me ya kai ni sama?"

Bayan rasuwar Baba, a cikin gafakarsa muka tarar da wasiƙar. Har yau ban sani ba, ya gane ne ko tsare ta yake yi a matsayin hatimi? Ku me kuka gani?