Ganyen da Kowsilla Take Kaiwa Bayan Bango

Kowsilla ba ta taɓa zuba sukarin parsad gaba ɗaya ba. Rabi take fara zubawa, ta tuƙa, sannan ta ɗebi kaɗan a bakin muciya ta ɗora a kan guntun ganyen bado, ta zagaya bayan bangon madafa ita kaɗai. Ba ta daɗewa. Sai ta dawo da ganye wayam, tana shafa fuska da gefen mayafi, ta ƙara sukari, ko kuwa ta rufe kwanon ta ture shi gefe. Haka na san ta tun ina iya saɓa buhun shinkafa, har furfura ta cinye mini kai.

A ƙauyenmu na gaɓar Corentyne ko yaro ya san ba a ɗanɗana abin da za a miƙa wa Ubangiji. Parsad ke nan: fulawa ce da man shanu da madara da sukari ake tuƙawa a babban kasko, amma harshen mutum ba ya taɓawa sai an kai gaban Krishna, Ubangijinmu, ya fara. Abin da baki ya taɓa ya zama saura, kuma ko baƙo ba a ba shi saura, balle mai gida. Shi ya sa masu dafa parsad da ido da hannu kawai suke aiki. Wata rana zaƙi ya hau kai, wata rana a ji shi salam. Na Kowsilla bai taɓa kuskurewa ba. Mutane sun daɗe suna yabon wannan kafin su fara tunani a kansa.

Mijinta ya fita kamun kifi, teku ba ta dawo da shi ba. Ɗansu ɗaya, zazzaɓi ya ɗauke shi tun bai gama haƙora ba. Daga nan ta koma wuni kullum a mandir, haikalinmu na katako da ke bakin magudanar ruwa. Akwai ƙaramar siffar Krishna ta tagulla a can, yana rarrafe da curin man shanu a hannu. “Yaron nan” take ce masa. Za ka ji tana cewa yaron nan ba ya son zaƙi da yawa idan ana zafi, ko yaron nan ya yi fushi don an makara. Mata su yi dariya, ita ma ta yi.

Ba ta da gona, ba ta da dabba. Amma saniyar maƙwabcinta Bisnauth takan tsinke igiya ta je ƙofar Kowsilla ta tsaya, har Bisnauth ya gaji ya ce ta riƙa tatsar abin da za ta sha. Ita cewa take yi tana ciyar da yaron, shi kuma yana aiko mata da madara, babu mai bin wani bashi. Bisnauth cewa yake yi gishiri take ajiye wa saniyar. Ya taɓa zuwa ya duba gindin shingenta. Bai gaya mana abin da ya samu ba.

Maganar ta taso ne daga gidan Deonarine mai injin casar shinkafa. Sun yi puja, wato taron addu’a, aka kafa jajayen tutoci a kan gora a ƙofar gida, Kowsilla ta dafa parsad. Tutocin ba su ko koɗe ba ɓarin jikin Deonarine ya shanye. Matarsa Rookmin ta shiga neman inda aka yi kuskure. Pandit, malamin haikalinmu, ya karanta abin da ya kamata, furannin daga reshe aka tsinko su ba daga ƙasa ba, nama bai shiga gidan ba. Ta bi komai ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan kasko.

Ranar Lahadi mata suna feren kabewa a bayan mandir, ni kuma ina gyaran ƙafar benci kusa da su.

“Chachi,” wato goggo, in ji Rookmin, “wai me ke bayan bangon nan ne? Ko miji kika ɓoye mana?”

“In miji ne, ’yar nan, ai da kin riga ni sani,” in ji Kowsilla.

Aka yi dariya. Rookmin ba ta yi ba.

“Ni dai ina ganin ganye yana tafiya da kaya, yana dawowa babu. Ina kuma ganin ana goge baki.”

Wuƙaƙe suka tsaya. Kowsilla ta ci gaba da cire ’ya’yan kabewa, ta ce yaron ne yake duba mata sukari.

Pandit Harrilall mutum ne da ba ya son tashin ƙura, amma wannan ba abin da za a share ba ne. Idan maganar Rookmin gaskiya ce, to duk auren da aka ɗaura da duk sunan da aka raɗa a ƙauyen nan, sauran abincin wata tsohuwa aka miƙa wa Ubangiji. Idan haka ne, dole a karɓe muciya daga hannunta. Ita kuwa in ban da wannan muciya ba ta da komai a duniya. Sai ya kira matata Sumintra, wadda kowa ya san ba ta ɓangaren kowa, ya ce ta leƙa ta tsagar katako ta gani.

Ta leƙa. Da ta dawo gida, sai da na gama cin abinci na wanke hannu sannan ta ba ni labari. Ta ce Kowsilla ta durƙusa a gindin tulsi, ɗoɗɗoyarmu mai tsarki da ke bayan bangon, ta ajiye ganyen, ta ce a hankali, “Da zafi, ka hura tukuna.” Sannan ta juya masa baya ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar yadda ake jan labule a mandir idan an ajiye abinci.

“Sai me?” na tambaye ta.

“Sai na rufe ido.”

“An aike ki ki gani, kin rufe ido?”

“Baban Indra, ana kallon Ubangiji yana cin abinci ne? Ba haka uwata ta koya mini ba.”

Ko da ta buɗe ido, ganye babu komai, Kowsilla na shafa fuska da mayafi. Baki take gogewa ko ido, Sumintra ta ce ba za ta rantse ba. Akwai tsuntsaye a bishiyar mangwaron da ke wurin, wannan na sani. Akwai kuma tunku da ke zaune a ƙarƙashin madafar. Na faɗa wa Sumintra haka, ta ce ita ba ta ji motsin komai ba.

Pandit ya raba gardama yadda ya iya. Ya ce Kowsilla ta ci gaba da dafawa, amma ganye ba zai sake zagaya bango ba. Ta saurare shi har ya gama, ta jingina muciya a jikin kasko.

“In ba zai ɗanɗana ba, Pandit-ji, ban san abin da zan dafa masa ba.”

Wata ta karɓi kasko. Parsad bai daina fita ba, wani lokaci ma yana yin daɗi. Kowsilla takan zo ranar Lahadi ta zauna can baya, ta karɓi rabonta da hannu biyu ta ƙulle a gefen mayafi. Ban taɓa ganin ta ci ba. Saniyar Bisnauth kuwa ba ta fasa zuwa ƙofarta ba.

Deonarine bai samu sauƙi ba. Da ruwan sama ya ɗauke, Rookmin ta shirya wata puja, wannan karon a mandir. Da sassafe aka ga ta nufi gidan Kowsilla da kanta. Bisnauth yana tatsa a bayan shinge, shi ya ji ƙarshen maganarsu.

“Ban ce na yarda ba, Chachi. Cewa na yi ki zo.”

“Da ganyena?”

Rookmin ta ce ta zo da ganyenta. Pandit ya ga ganyen a hannun Kowsilla lokacin da ta shigo, sai ya duƙa yana gyara lagwanin fitila.

Kowsilla ta zuba rabin sukari, ta tuƙa, ta ɗebi kaɗan ta zagaya. Mata suka jira. Ƙasan kasko ya fara kamawa, Rookmin ta ɗauki muciya tana juyawa tana kiran Chachi. Da shirun ya yi yawa ta miƙa wa Sumintra muciyar ta zagaya da kanta. A zaune ta sami Kowsilla, ta juya wa tulsi baya, mayafi a fuska, kafaɗarta jingine da bango. Rai ya riga ya yi halinsa.

Kafin kowa ya iso, Rookmin ta ɗauke ganyen ta ninke ta cusa a rigarta. Daga baya Bisnauth ya tambaye ta abin da ke kai, ta ce ganye ne kawai. Deonarine ya tashi a wannan shekara, yana jan ƙafa da sanda. Likita ya ce dama irin ciwon yakan saki wasu. Rookmin kuwa, tun daga lokacin ita ke ba tulsin nan ruwa.

A ranar dai, an sauke kasko daga murhu. Sauran sukarin yana nan a kwano, a buɗe, inda Kowsilla ta bar shi. Mata suka kewaye kaskon suna kallon juna. Ba wadda ta san ko a ƙara ko a bari, kuma ba wadda za ta ɗanɗana.