Baƙin Hoton Kar-ka-motsa

Duk wanda ya taɓa neman hoton fasfo a unguwarmu ya san Kar-ka-motsa, ɗan kawunmu mai shagon hoto kusa da masu faci. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Tun yana ɗan shekara sha biyar yake rataye da kyamara, kuma jariri, amarya, tsoho mai sanda, kowa "kar ka motsa" ne. An ce har akuya ya taɓa faɗa wa, ta kuma ji. Hoto in ya yi dishi-dishi, a gaban mai shi yake yaga shi. Ga shi da cutar laminatin, manne takarda cikin leda da inji. Katin makaranta, takardar asibiti, duk abin da ya kwanta a teburinsa sai ya fito a cikin leda. Da injin na cin mutum, da tuni ya manne surukarsa.

Bangon shagon cike yake da hotunan 'ya'yan mutane, nasa babu. Shekararsa takwas da aure. Matarsa Malama, mai koyar da 'yan aji biyu, ta yi ɓari sau biyu, duk kafin wata uku. To, da ta sake samun ciki, wata Talata ta ga jini, ko ƙofar shago bai tsaya rufewa ba.

A asibiti aka ce sikanin za a yi, wato hoton ciki, sai ta cika mara da ruwa tukuna. Ya dinga jido mata ruwa kamar mai kashe gobara, har ta ce, "Maigida, ciki za a duba, ba rijiya ba."

Ɗakin ƙarami ne, labule a sake, gado ɗaya da allo kamar na talabijin. Sista mai sikanin ta shafa wa Malama wani mai mai sanyi, ta ɗora abin dubawa tana zagayawa. Shi dai toka-toka kawai yake gani. Tsoro ya sa bakinsa ya kama aiki.

"Sista, hoton nan bai fita ba. A ƙara haske mana."

"Malam, shagonka ne ko nawa?"

Ya ja da baya. Malama ta riƙe gefen gado, idonta a rufi. Can Sista ta juyo da allon.

"Kun ga ɗigon nan da ke ƙyaftawa? Zuciya ce. Sati bakwai, kuma yana inda ya kamata. Ki je ki huta, ku dawo bayan sati biyu. In jinin ya ƙaru ko ciwo ya taso, kar ku jira."

Ta yago musu hoto ɗan mitsitsi. A hanya Malama ta ce, "Ka adana min shi. Na baya biyu ko inuwarsu ban gani ba."

Adanawa a wurin Kar-ka-motsa hanya ɗaya gare ta. Ya kwantar da ita a gida, ya garzaya shago, ya kunna inji ya yi zafi, ya zura hoton da bismillah. Abin ya fito ta ɗaya gefen baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Babu ɗigo, babu komai.

Ya juya ledar gaba da baya. Ya san matarsa. Macen da ta rasa biyu in ta ga wannan, ba za ta ga takarda ba, ishara za ta gani. Ya koma asibiti a guje, ya miƙa wa Sista ledar.

Ta duba, ta tuntsire da dariya. "Takardar nan da zafi ake rubuta ta. Ka ba ta zafi, ta rubutu gaba ɗaya. Injinmu kuma tsoho ne, ba ya ajiya."

"To me zan ce mata?"

"Gaskiya. Hoto ka ƙona, ba ɗa ba."

Ya tarar da Malama a kwance. Ya tsugunna a bakin gado kamar ɗan aji biyun da ya fasa allo, ya faɗi yadda aka yi, har da maganar Sista. Ta karɓi ledar ta daɗe tana kallo, shi kuwa zufa har dugadugai. Sai kafaɗarta ta fara rawa.

"Shekara ashirin kana hoto," ta ce, tana dafe da ciki, "ɗanka na fari ka mayar gawayi. Tashi ka ba ni wuri, an ce in huta, kar ka kashe ni da dariya."

Dariyarta ta farko ke nan tun da aka ga jinin.

Sati biyun nan sun fi masa shekara takwas tsawo. Da suka koma, ɗigon ya zama ɗan abu mai kai, zuciya na bugawa, har yana ɗan mutsu-mutsu. Bakin mutumin naku ya buɗe da kansa. Malama ta harare shi.

"In ka faɗa, a shago za ka kwana."

Ya haɗiye. Ya matsa kusa da allon, a hankali ya ce, "Motsa abinka. Motsa."

Mace aka haifa, yanzu shekararta huɗu, kuma ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta ba. Hotunanta duk dishi-dishi ne, ko ɗaya bai yaga ba. Sista kuwa ya haramta mata biyan kuɗin fasfo har ta bar duniya, ita da danginta kaf. Baƙar ledar tana cikin firam a saman bango, sama da 'ya'yan kowa. In baƙo ya tambaya hoton mene ne, sai ya ce, "'Yata ce. Alhamdu lillahi, ta fi haka kyau a fili."