Bokitin Fenti da Zabbin Surukata

Kafin waccan shekarar, ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne ambaliyar kwatar layinmu a Dogarawa. Don haka da maƙwabcina, wani mutumin kudu mai sayar da fenti a unguwar PZ, ya ce in bi shi garinsu na bakin teku a hutun Kirsimeti, sai da na taka rawa a tsakar gida har kaji suka watse. Lokacin salula ba ta daɗe da shigowa ba, na ƙarar da kati ina sanar da duniya. A makarantar da nake koyarwa a Samaru kuwa, kafin a tashi har an naɗa ni Sarkin Ruwa.

Ƙaninsa ne ke kai baƙi yawo cikin 'yan siraran kwale-kwale, kowa da nasa, a tuƙa zuwa wani tsibiri, a kafa tanti a kwana. Ana gobe tafiya maƙwabcin ya dire min wankakken bokitin fenti mai murfi.

"Malam, abin da ya shiga nan shi ne kayanka. In murfi bai rufu ba, ƙanena zai bar ka a gaɓa kana ɗaga mana hannu."

"Wannan? Ai ko hulunana ba zai ɗauka ba."

"Kifayen garinmu ba su damu da hula ba."

Na nannaɗe bargo, na cusa kayan canji, tocila da maganin sauro. Murfi ya rufu ƙam. Na zagaya bokitin ina yi wa kaina kirari.

Na manta cewa a wajenmu ba a mayar da guzuri. Maƙwabta suka fara aiko da dakuwa, hedimasta ya aiko da kilishi, uwargida ta yi dambun nama. Waɗannan duk da sauƙi, na ƙudurta in bar wa yara a ɓoye. Sai ga sallamar surukata daga Basawa, da kwano shaƙe da soyayyun zabbi. Ta zauna a tabarma, ni ina tsugune kai a ƙasa. Ina gabanta, amma 'yarta take wa magana.

"An ce mutanen can dodon koɗi suke ci. Ki ce masa ya saka ina gani."

"Inna ta ce ka saka," in ji uwargida, kamar ni kurma ne.

In na ce babu wuri, na yi wa surukata musu, abin da ko kakana bai yi ba. In na saka, murfi ba zai rufu ba, Sarkin Ruwa ya ƙare a kan yashi. Na zare bargo. Zabbi suka shiga rabi. Na zare kayan canji.

"Na Inna ya samu wuri, nawa ne zai kwana a waje?" in ji uwargida. Tocila ta fita, dambu ya shiga. Kilishi ya bi ta gefe kamar ɗan acaɓa a cunkoso.

Aka kira maƙwabcin ya zauna a kan murfin. Mutum ne mai jiki, Allah ya saka masa. Murfi ya ce ƙas.

"Malam, me za ka rufa da shi?"

"Fukafukin zabo."

Da muka isa bakin teku, ƙanin nasa murfi kawai ya duba, ya ce in hau kwale-kwale. Na tuƙa kamar mai tuƙa tuwo, kuma dab da tsibirin kwale-kwalena ya kife a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Na fito sharkaf, bokiti na bin bayana yana lilo, ko ɗigo bai shige shi ba.

Ina karkarwa na buɗe shi. Ƙamshi ya bugi tsibirin nan har igiyar ruwa ta dakata. Sauran baƙin, masu biskit da kifin gwangwani, suka fara matsowa suna tambayar lafiyata. Cinyar zabo ɗaya ta kawo min wando da riga. Ƙirji ya kawo bargo. Kilishin hedimasta ya sama min tanti mafi kyau, mai shi ya koma na abokinsa yana godiya.

Da na dawo, surukata ta zo barka da hanya. Ta tambayi 'yarta ko zabbin sun kai ni gida. Aka ce a zama ɗaya suka ƙare.

Ta girgiza kai. "Ai na faɗa miki sun yi kaɗan. Ki ce masa ya riƙa neman bokiti babba."