Shekarar da na hana a matsar da turke

Shekarun baya, damina biyu bayan rasuwar mahaifina, na tafka wata wauta da har yau idan na tuna sai in ji kunyar kaina.

Gonarmu tana tsakanin Kura da Bunkure, shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. A bayanta akwai wani fili da ruwan kanal na noman rani ba ya hawa, wanda mahaifina ya bari da gangan ba ya shuka komai a ciki. Ciyawa kawai yake fitarwa, kyasuwa da harkiya da burburwa, kuma da ita mahaifiyata take ciyar da tumakinta. Da damina a yanko musu ɗanya, da kaka a yanke sauran a busar a ɗora a kan rumfa. Tun da mahaifina ya rasu, tumakin nan su ne aikinta, su ne abokan hirarta.

Duk shekara idan an gama girbi, wani dattijon Bafulatani yakan sauka da shanunsa a filin. Da rana su yi kiwo a gonakin da aka girbe, da yamma a dawo da su a ɗaure a wurinmu, su bar mana taki. Bayan kowane kwana uku sai ya tsige turakun ya matsa gaba, a haka har su zagaye filin. Da ya ga hadarin farko ya taso, sai ya kwashe shanunsa ya tafi.

Ni kuwa lokacin na baro koyarwa a Kano na dawo gida, kaina cike da dabaru. Na zauna na yi tunani irin na mai boko: idan garke ɗaya yana ba da wannan ciyawa, ai garke uku sai ta fi mutum tsawo. Sai na gayyato wasu makiyaya biyu na haɗa su da shi, na kuma ce kada wanda ya sake taɓa turke, a bar taki ya taru sosai.

Dattijon ya same ni a bakin kanal ina wanke ƙafa. Ya ce, "Ɗana, mahaifinka bai taɓa barin su wuce kwana uku a wuri ɗaya ba."

Na ce, "Baffa, Allah Ya jiƙansa, amma shi bai karanci abin ba. Taki ai ba ya yawa."

Ya ce, "Takin ba shi nake ji ba. Kofaton nake ji."

Na yi dariya, na ce ya bar mini komai a hannuna. Ya juya ya koma wurin shanunsa. Da hadari ya fara haɗuwa ya tattara nasa ya tafi kamar kullum, sauran biyun kuwa na roƙe su suka zauna, har aka yi ruwa uku shanu suna tattaka jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Damina ta kankama, ko'ina ya yi kore, filinmu yana nan kamar daɓen ɗaki. Idan aka yi ruwa sai ya kwanta a kai, ya yi kwana biyu yana wari bai nutse ba. Abin da ya fito ɗan tafasa ne nan da can, tumaki kuwa ko sunsuna shi ba sa yi. Kullum da safe mahaifiyata sai ta ce, "Ciyawar ta fara ɗagowa kuwa?" Ni kuma in ce, "Saura ƙiris, Inna." Na yi sati uku ina wannan ƙaryar, ina bin gefen kanal da lauje ina tsinto abin da bai ishi rabin tumakin ba.

Da abin ya ishe ni sai na kira wani abokina da muka yi sakandare tare, yana aikin gwajin ƙasa. Ya zo a babur, ya karɓi fartanya, ya sari tsakiyar filin da ƙyar, ya ɓanɓaro wani dunƙule. Sannan ya je gindin shinge inda shanu ba su kai ba, ya ɗebo wani. Ya miƙo mini duka biyun ya ce in sunsuna.

Na gindin shingen ƙamshin ruwan farko yake yi, yana marmashewa a hannu, da wasu fararen zare-zare sirara a jikin saiwoyin. Na tsakiya kuwa warin kwata, kuma ba ya ko fashewa.

Ya ce, "Ka ga zaren nan? Fumfuna ce, amma mai amfani. Ita take janyo wa saiwa ruwa da abinci daga inda saiwar ba ta kaiwa. Ban da ita akwai bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, su suke cin kashin shanu su mayar da shi abin da ciyawa za ta iya sha. Idan shanu suka zo suka wuce, sun kawo musu abinci. Idan suka daɗe, musamman ƙasa tana jiƙe, kofato ya tsinka zaren, ya toshe musu iska, fitsari ya yi musu yawa. Kai ka tara musu abinci, sannan ka shaƙe masu cin."

Na ce, "To a zuba takin zamani mana."

Ya ce, "Malam, wa zai ci? Ka farfasa saman, ka rufe shi da bambaron shinkafa, kada ka ƙona ko ɗaya, ka hana dabba shiga. Sai ka yi haƙuri."

"Har yaushe?"

"Damina biyu, in Allah Ya taimake ka."

A ranar na faɗa wa mahaifiyata gaskiya. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba har na gama. Na so ta yi faɗa, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "To, tumakina ba za su zauna da yunwa ina kallo ba. Ka kai su wurin kawunka a Dawakin Kudu." Washegari muka loda su a a-kori-kura. Ta tsaya a ƙofar gida har muka sha kwana.

Na yi duk abin da abokina ya ce. Na zama abin tsokana a gari, mai shimfiɗa wa ƙasa tabarma, haka suke kira na. A damina ta biyu na ɗaga bambaron na ga gara ta shiga, ga tana, ga farin zaren nan ya fara bin ƙasa. Na tsuguna ina kallonsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. A ta uku ciyawa ta dawo. Na je da kaina har rugar dattijon na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya dawo da garkensa ɗaya da lissafinsa na kwana uku.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mahaifina bai san kalmar bakteriya ba, dattijon ma haka, amma sun san akwai rai a ƙarƙashin ƙafarsu, suna kuma kiyaye shi. Yanzu idan na tarar da wani abu da manya suke yi ban gane dalilinsa ba, nakan tambaya kafin in taɓa.

Sai dai ƙasa ta yafe mini da wuri fiye da yadda na yafe wa kaina. A shekarun nan, duk bayan sati biyu nakan ɗauki mahaifiyata a babur zuwa Dawakin Kudu ta ga tumakinta. Da farko da sun ji muryarta sai su rugo. A hankali sai ya zama ta kira su ɗago kai kawai, su ci gaba da cin abincinsu. Ranar da na dawo da su gida, ta fito da dusa a kwano, ta tsaya a tsakar gida ta yi irin kiran da ta saba. Ba wadda ta zo. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ja baya don su samu su ci, ta ce mini, "Ƙyale su, baƙi ne. Za su saba."