Bakin Dawa Yana Ƙasa

A taron zumuntar matan cocinmu na farkon watan nan aka ce in kawo kuɗin da ke cikin asusun 'yata a haɗa da na sauran, a saya wa yara ashirin da uku kyautar Kirsimeti. Na ce a'a. Tun ranar akwai matan da ba sa amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Ban iya dogon jawabi a gaban mutane ba, shi ya sa na zauna in rubuta inda na samo wannan taurin kai. A wajen kakata na samo shi, a ƙauyen Manga, ina 'yar shekara takwas.

Babanmu soja ne, sau ɗaya muke ganinsa a shekara. Mamarmu ta bi shi bariki da ƙannenmu, ni da yayana Ishaya aka bar mu wajen Kaka. Gidanta yana gindin dutse, ɗaki biyu da rumbu uku. Idan an gama yankan dawa, kara yakan cika ko'ina, da shi muke hura wuta a tsakar gida bayan an ci tuwo. Wutar kara ba ta daɗewa. Takan tashi ta haska fuskar kowa, kafin mutum ya gyara zama ta kwanta. Saboda haka muke zama kusa da juna, kowa da tarin karansa a gefe, yaran maƙwabta su ma su zo da nasu. Wanda ya zo hannu wofi, Kaka takan ce ya zauna ta inda hayaƙi ke bi.

Da yarenmu na C'lela take ba da labari. Amma idan wani babban mutum zai yi magana a cikin tatsuniyar, sarki ko mai unguwa, sai ta juya zuwa Hausa, ta kumbura kumatu, ta yi murya kamar ta mai ciwon maƙogwaro. Tun kafin ta faɗi kalmar farko mun fara dariya.

"Mai jin barci ya tashi tun yanzu," haka take farawa. "Bayana ya tsufa, ba na goya kowa zuwa ɗaki. To, ga ta nan ta gangaro daga dutse."

Mu kuma mu ce, "Ta zo ta zauna."

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Ɗaya ce ta ƙi tafiya, watakila don ita kaɗai ce ta sa ni kuka.

Wai an yi wata shekara da ruwa ya ɗauke bayan dawa ta kai gwiwa. Gonaki duk suka ƙone, sai wata 'yar gona a bayan gari mai tushen dawa goma. Idan su ma suka mutu, babu iri a garin. Akwai wata mata mai tulu ɗaya, kullum takan yi tafiyar rabin yini zuwa wani marmaro ta cika shi. Dattawa suka kira ta. Nan Kaka ta kumbura kumatu ta koma Hausa: "Ke mai tulu, ki raba ruwan nan daidai wa daida. Kada wata dawa ta ce an fi son wata."

Matar ta bi umarni. Kowace safiya sai ta tsoma tsintsiya a tulu ta yayyafa wa duka goman. Ganye ya jiƙe, ya yi ta ƙyalli a hasken rana. Masu wucewa su tsaya su ce kai, gonar nan ta yi kyau, dattawanmu sun iya shawara. Kafin tsakar rana ganyen ya bushe ya sunkuya.

Rana ta huɗu wani ƙadangare da ke kan dutse ya yi ta gyaɗa kai yana dariya. Ta ce, me ya ba ka dariya? Ya ce, "Kullum kina wanke musu fuska. Bakinsu kuwa yana ƙasa."

Sai matar ta jefar da tsintsiyar, ta zaɓi tushe ɗaya, ta tona gindinsa, ta juye tulun gaba ɗaya. Washegari ta sake, jibi ta sake. Dattawa suka ce ta raina su, mata suka daina yi mata magana a hanya. Ba ta fasa ba. Tushen nan ya miƙe, ya fitar da kai, ya nuna. Da zangarniyar nan guda garin ya samu irin shuka da ruwa ya dawo.

"Na ajiye ta nan," in ji Kaka, "mai so ya ɗauka."

Sauran yara suka fara kaɗe zani za su tashi. Ni ban motsa ba. Na ce, "Kaka, sauran taran fa?"

"Sun mutu."

"Duka?"

"Duka. Kina so in yi miki ƙarya don ki yi barci?"

Na fara kuka, na ce matar nan muguwa ce. Ishaya ya ce, "Dubi wannan, tana yi wa kara makoki." Kaka ta ɗauki kara ɗaya ta ɗan buga masa a ƙafa, sannan ta jawo ni jikinta. Zaninta yana warin hayaƙi da daddawa.

"Ƙawata," ta ce, don haka take kirana, "a ina kika ji na ce ita kaɗai ce mai tulu a garin?"

Ta tura kara a wuta ta ce a je a kwanta. Na girma ina ɗauka cewa darasin shi ne a yi abu ɗaya da kyau ya fi a yi goma rabi da rabi. Haka ma na faɗa wa tawa 'yar lokacin da na ba ta tatsuniyar.

Murna sunanta. Shekararta tara. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, a daminar da ta wuce, kwana uku. Har yau Maman Murna ake kirana, ban kuma hana ba.

Ƙosai nake soyawa a bakin tasha nan Zuru. Kowace sabuwar shekara nakan sayi asusun ƙasa in riƙa jefa ɗan abin da ya samu. Farkon Disamba sai mu fasa shi ni da ita, ya isa yadi da ɗinki da takalmi da kitso. Bayan ta tafi, hannuna bai daina jefawa ba. Ban yi shawara da shi ba, shi dai ya saba.

Yaran da ake magana a kansu, iyayensu sun baro ƙauyukansu ta wajen Bena saboda rashin zaman lafiya. Wasu suna raɓe a gidajen dangi, wasu a ɗakunan bayan coci. Shawarar zumunta ita ce kowane yaro ya samu leda ɗaya: biskit, alewa, sabulu, balan-balan. A jera su ranar Lahadi a ba su, a ɗauki hoto. Abin da za a kashe wa kowane yaro bai kai kuɗin takalmi ƙafa ɗaya ba.

Uwar Zumunta, shugabarmu, ta san da asusun, don ni na faɗa mata a lokacin da nake faɗa wa kowa komai. Ba muguwar mata ba ce. Ita ta kwana da ni a daren farko bayan rasuwar Murna. Ta ce, "Maman Murna, da za ki kawo wancan, da mun ƙara musu lemo."

Na ce, "Mama, wancan na kayan yarinya ɗaya ne, daga kai har ƙafa. Haka za a kashe shi."

"Ɗaya? Sauran ashirin da biyun su tsaya suna kallo?"

"Mama, nawa kika kashe wa jikarki bana?"

Wata daga baya ta ce a yi haƙuri, baƙin ciki ne ke magana. Uwar Zumunta ta sassauta murya ta ce, "'Yata, ko kin tufatar da wata, ba zai dawo miki da Murna ba."

Na ce, "Na sani, Mama. Ni na yi mata wanka na ƙarshe."

Na ɗauki jakata na fita.

Akwai wata yarinya cikin yaran, Ladi, da ke zama a bencin baya a coci sanye da rigar babbar mace, an ƙulle mata wuyan a kafaɗa don kada ta zame. Na je na roƙi izinin gwaggonta, na kai Ladi kasuwa. Na ce ta zaɓi yadi. Ta daɗe tana kallo, hannunta a baya, sannan ta nuna wani kore shar mai zanen kifaye ruwan ɗorawa. Murna da ta gan shi da ta toshe baki tana dariya. Na ji daɗin hakan. Ban so ta zaɓi irin na 'yata ba.

Malam Sani tela, wanda ya yi wa Murna ɗinki tun tana goye, ya dubi yarinyar ya dube ni. Da ya ɗauko igiyar awo, Ladi ta ɗaga hannu biyu sama ta riƙe numfashi. Ba a taɓa auna ta ba.

"Sauke hannu, ɗiyata, ba kama ki za a yi ba," ya ce. "Mi kike so, da aljihu ko babu?"

Ta juyo ta dube ni. Na ce, "Ba ni zan sa ba."

Ta ce a hankali, "Da aljihu. Biyu."

A hanyar dawowa muka wuce ta bayan coci. Sauran yaran suna wasa a wajen, suka ga ledar takalmi a hannun Ladi, suka daina wasan. Uwar Zumunta ta yi gaskiya a nan, kuma ba zan ɓoye ba: idanun nan sun bi ni har gida, na kasa cin abinci. Na koma yarinyar da ke tambayar sauran taran.

A ranar ne, bayan shekara talatin da wani abu, na ji tambayar da Kaka ta yi mini. Tatsuniyar ba ta matar ba ce kaɗai. Garin cike yake da tuluna. Muddin tana yayyafi ganye yana ƙyalli, babu wanda zai tambayi kowa ina nasa tulun yake. Shi ya sa suka yaba mata lokacin tsintsiya, suka ji haushinta da ta juye. Ba dawa suke tausayi ba. Ta nuna yawan ruwan da tushe ɗaya ke sha, kuma kowa ya san hanyar marmaro.

Mu arba'in ne da wani abu a zumunta. Kusan kowacce ta riga ta kai ɗinkin 'ya'yanta. Mun san abin da kayan yaro ɗaya ke ci, ba mu buƙatar taro ya faɗa mana. Idan ana tambaya nawa ya kamata a kashe wa yaron da ba shi da shi, amsata ke nan: abin da kika kashe wa naki. Idan ba ki iya ba, ki nemi 'yar'uwa ku haɗu a kan yaro ɗaya. Amma kada mu raba alewa mu ɗauki hoto mu ce mun gama.

Na fara bin gidaje bayan na tashi daga suya. Ba na wa'azi. Nakan faɗi sunan yaro ɗaya da shekarunsa, in ce tela yana jira. Wata ta ce nata 'ya'yan ma bana na bara za su sa. Na san gaskiya ta faɗa, na ba ta haƙuri na fito. Wata ta bar ni tsaye a ƙofa tana magana da ni ta taga. Wasu mata biyu masu sayar da itace suka haɗu suka ɗauki wani yaro, su da ban ma sa su a rai ba. Wata maƙwabciyata Musulma ta ji labari a bakin tasha, ta aiko da yadi ba tare da na roƙe ta ba.

Zuwa yau an auna goma sha shida. Saura bakwai, kuma saura kwana tara. Malam Sani ya ce idan ya wuce jibi ba zai karɓi ko ɗankwali ba. Ban sani ba ko za su cika. Idan ba su cika ba, zan tsaya a gaban waɗanda suka rage ranar Kirsimeti in dubi idonsu, ba zan ɓuya a bayan kowa ba. Amma ba zan ce na yi kuskure ba.

Gobe gidan Uwar Zumunta zan je da sunaye biyu. Ta aiko jikarta ta ce mini tana da fita, ba ta san lokacin dawowarta ba. Na ce ta gaishe ta. Zan tafi da kujerata.