Littafin da ba a mayarwa

Mahaifina da amininsa ba su taɓa ziyartar juna don zumunci ba, in dai maganarsu za ka bi. Littafi kawai suke mayar wa juna. Tare suka yi aikin reluwe a Tashar Jirgin Ƙasa, tare suka yi ritaya. Shi aminin Ibo ne, a Sabon Gari yake zaune, mu kuma Baban Sabon Gari muke ce masa.

Ran Lahadi in an tashi daga coci sai ga shi a ƙofar gidanmu a Kwaciri, da littafi a hammata.

"Malam, ga littafinka. Ƙarshensa ƙarya ce."

Shi ke nan musu ya tashi a zaure har la'asar. Wani makon kuma Baba ne zai sa hula ya tafi mayar da nasa. Mutane biyu masu taurin kai, kowannensu ba ya iya buɗe baki ya ce na yi kewarka.

Da idon Baba ya fara rauni, yayana ya aiko masa da na'urar karatu, 'yar falle kamar allo, wadda ake ƙara wa rubutunta girma. Gaskiya ta yi masa rana. Mutumin da ya koma karatu da tabarau biyu sai ga shi yana cinye littafi a kwana uku. Ni kaina na yi murna.

Baban Sabon Gari ya zo da littafi kamar kullum. Baba ya buɗe, ya kai shi dab da hanci, ya mayar masa.

"Wannan ya fi ƙarfina yanzu. Duba na'urar nan, littattafai ɗaruruwa ne a ciki."

Ya karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya ce, "To ara mini ɗaya."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya sake zuwa hannu sake, suka gaisa, suka tambayi iyali, suka zauna shiru kamar baƙi a asibiti. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Amma duk Lahadi sai Baba ya sa a share zaure a shimfiɗa tabarma. Abin yana ci mini rai. Na ce ya kira shi a waya mana, ya ce, "In ce masa me?"

Damina ta wuce kafin ya sauko. Wata safiya ya sa na ciro masa wani tsohon littafi daga kabad, muka hau a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari. Wata mata da ba mu sani ba ta buɗe ƙofar. Ta ce ai tsohon jikinsa ya yi tsanani, 'ya'yansa sun mayar da shi garinsu tun watan jiya, kuma ba ta jin zai dawo.

A hanyar gida Baba ya rungume littafin, yana kallon titi. Sai da muka kusa shiga unguwa ya yi magana.

"Wannan na'urar taku, ana iya tura wa mutum littafi har can?"

Na ce ana iyawa, Baba, nan take ma.

Ya dubi littafin da ke hannunsa.

"To shi kuma ta yaya zai kawo mini abina?"