Ranar da Na Leƙa Jinin Ɗiyata

Ko tsufa ya cinye mini komai, ba na jin zai taɓa ranar da na sa idona a madubin asibiti na ga abin da ke cikin jinin ɗiyata.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, shekarun da sabulu da madara suka ɓace daga kasuwa, asibitin gari kuma sai dai a rubuta maka magani ka je ka nema. Ina aure a wani ƙauye kusa da Shagari, maigidana ya tafi Kudu da albasa, ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, da ɗiyata ta fari da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Kun san kunyar ɗan fari a wajenmu: ba na kiran sunanta, ba na goya ta a gaban mutane, ko kuka take yi sai in kau da kai. Ɗiyar Inna ce, ni dai mai ba da nono.

Sai yarinya ta kama gudawa da zazzaɓi. Inna ta sayo wani maganin ruwa mai launin hoda a wurin mai kemis ranar kasuwa. Gudawa ta tsaya, muka ci gaba da ba ta. Bayan wasu kwanaki ƙuraje suka feso mata. Inna na gani ta ce baƙon dauro ne, ta hana a yi mata wanka, ta hana a ambaci asibiti, don a cewarta baƙo ba ya son allura. Abin da ake tsoro a wurinmu shi ne ƙurajen su koma ciki, saboda haka duk lokacin da suka ƙaru sai murna. “Wanga magani na da kyau,” in ji Inna, “dubi yadda yake fiddo shi.” Ta ƙara mata cokali.

Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na yi jinyar ƙannena biyu a Bodinga da baƙon dauro, na san idonsu ja yake yi, ga tari, ga majina, kuma daga bayan kunne yake farawa. Ita wannan idonta fari tas, daga ciki ƙurajen suka fara, kuma susa take yi har tana goga bayanta a bango. Na kuma lura ba a daɗewa da ba ta cokalin sai susar ta tsananta. Amma da wane baki zan faɗa?

Wata safiya na ga leɓenta ya kumbura, ta ƙi nono. Ban san lokacin da na sunkuce ta na goya ba, a tsakar gida, matan gida na kallo. Wata ta riƙe haɓa ta ce, “Yau kunya ta ƙare garinga.” Na cusa kwalbar a ƙugu na nufi bakin hanya. Ban yi nisa ba na jiyo Inna a bayana tana haki. “Ke yarinya, mi ya same ki? Tsaya mana, ai ba ki tafiya ke ɗai mutane su zage ni.” Tun daga nan har cikin mota faɗa take yi, amma ita ta riƙe ƙafar yarinyar.

Malamin asibitin Bodinga ya duba ya ce shi ba zai iya rabewa da ido ba, mu wuce Sakkwato. A can likita ya tambayi wace ce uwar, Inna ta ce ita ce. Ya yi tambaya, tana ta ba shi labarin baƙo. Da ya ce yaushe aka fara maganin, yaushe ƙurajen suka fito, sai ta hau kame-kame. Ni kuma bakina ya buɗe kamar an kwance buhu: na faɗi na ido, na faɗi na susa, na ajiye masa kwalbar. Ya ce a je a ɗebi jini.

Mai awon jini ya soki ɗan yatsanta, ya shafa ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya zuba masa launi, ya sa a madubin da ke ƙara girman abu. Na kasa zama, ina ta leƙe. Ya yi dariya ya ce, “Taho ki gani, tunda wuyanki zai tsinke.” Na rufe ido ɗaya na kanga. Wayyo, duniya guda ce a ciki. Zobba-zobba kamar an yanka ƙananan albasa an baza, a tsakaninsu kuma wasu manya cike da jajayen ɗigo kamar ƙwayar jar dawa. Na ce, “Duk wannan a jikinta?” Ya ce masu jar dawar nan su yake ƙirgawa, in baƙon dauro ne ɓuya suke yi, in kuwa jiki na faɗa da magani sai su yi yawa, ga su nan ko'ina. Na jawo hannun Inna. Ta leƙa ta daɗe, ta ɗago ta ce, “To, su wa anka ce sun zuba dawa cikin jikata?”

Likita ya ce jinin kaɗai ba ya yanke hukunci, amma da aka haɗa da abin da na gani, maganin ne. Ya ce da an ci gaba da ba ta, fatarta da bakinta za su iya saɓulewa. Aka daina, aka kwantar da mu, ƙurajen suka bushe. Ranar da ta kama nono, Inna da kanta ta ɗora mini ita a baya ta ɗaure zanen.

Kwalbar tana nan a cikin kwallata. Duk inda za a ba ɗiyata magani sai na nuna ta, yanzu kuma ita ke faɗa da bakinta, ga 'ya'yanta a gefe. Abin da na koya shi ne, ba duk ƙuraje ne baƙo ba, kuma uwar da ta ga abu a jikin ɗanta ta faɗa, ko da na fari ne.